Kogin da Mannir Ya Rina

Mannir bai gama loma ta uku ba Inna Sabuwa ta aika a kira maƙwabta. Autanta ya dawo daga Sudan, kwas ɗin koyar da Larabci na shekara guda ya ƙare, kuma duk matan Ƙofar Kwaya sai sun ji labarin Hartum daga bakinsa. A waje motar 'yan siyasa na wucewa da lasifika, don makon nan sojoji suka miƙa mulki. Shi kuwa Mannir ba wannan ne ya dame shi ba.

Gaskiyar magana, bai ga Hartum ba. Makarantarsu tana can bayan gari, kuma duk Juma'a, ranar hutunsu, abokai su cika mota su tafi buɗe ido, shi ya ce kansa na ciwo. Zafin rana yake tsoro, ga shi da son barci kamar mage. Daga masallaci sai ɗaki, sai shagon mai wake da burodi da gahawa, wanda ke ce masa "ya zol", yadda mutanen can ke kiran kowa.

To amma Inna ta roƙe shi abu guda ranar da zai tafi: duk abin da ya gani ya rubuto mata, ita da ba ta taɓa wuce Daura ba. Sai ya riƙa rubutowa daga kan katifa. Ya ji ana cewa Farin Nilu da Shuɗin Nilu suna haɗuwa a tsakiyar birnin, ya rubuta cewa ya je ya gani, ɗaya fari fat kamar nono, ɗaya shuɗi kamar an zuba baba a marina. Kasuwar Omdurman kuwa layi biyu ya ba ta: babba ce, akwai mutane.

Inna ba ta karatu. Wasiƙa na zuwa take kai wa Alhaji Gwadabe mai gyaran agogo a bakin layi, tsohon da babu wanda ya tuna shekarar da ya yi aikin hajji. Shi yake karanta mata, yana kurɓar gahawarsa mai citta, wadda duk unguwar suka yarda ba ta shayuwa.

Mata suka cika tsakar gida. Mannir ya gyara zama, ya yi niyyar ya yi ta "ƙwarai kuwa" har a watse.

"Auta, hwaɗa masu kogin nan," in ji Inna. Kafin ya buɗe baki ta riga shi. "Wai ku ji, sunansa shuɗi, amma ba shuɗi ba ne! Ruwan laka ne jawur in damina ta yi. Ɗayan kuma toka-toka. Su jeru suna tahiya tare, kowa da launinsa, sai can gaba su gauraye."

Mannir ya ajiye lomar da ke hannunsa. Bai rubuta haka ba.

Inna ta ci gaba, fuskarta cike da murna. Ta faɗi tsibirin da ke tsakiyar ruwa, inda ake noman lemun tsami. Ta faɗi yadda matuƙin jirgi ke nufar sama da inda za shi, don ruwa ya kawo shi daidai mashiga. Ta zagaya da su kasuwar Omdurman layi-layi, daga masu turare har masu sirdin raƙumi. Safara'u maƙwabciya ta riƙe haɓa tana salati.

"Haka ne, ɗan nan?" in ji Safara'u.

"Ƙwarai kuwa," in ji Mannir.

Tunaninsa ya tafi kan Haruna, abokin ɗakinsa ɗan GRA, wanda bai taɓa fashin yawon Juma'a ba. Ko shi ne ya riƙa rubuto wa gida, labari ya zagayo? In haka ne, yau ko gobe zancen katifa zai iso kunnen Inna. Dariyar unguwa ba ta dame shi ba kamar wannan. Matar nan shekara guda tana ajiye wasiƙunsa a cikin kwalla tare da zannuwan aurenta.

Bayan la'asar ya lallaɓa ya buɗe kwallar. Wasiƙun nan dai nasa ne, da rubutunsa, ga nono ga baba, ba ƙari ko harafi ɗaya. Ya zura ta farkon a aljihu ya nufi bakin layi.

Ya tarar da Alhaji Gwadabe ya duƙufa kan wani agogo. Suka gaisa, aka tambayi hanya da gajiya da mutanen can. Tsohon ya zuba masa gahawa a ɗan ƙaramin kofi. Mannir ya kurɓa, ya tsaya. Irin ta shagon mai wake ce sak.

"Baba Alhaji," ya ce a hankali, "abin da Inna take hwaɗi, ba shi ke cikin takardun nan ba."

"Na sani. Ni na karanta su."

"To wa ya ba ta?"

Tsohon ya ajiye agogon, yana ƙoƙarin danne dariya.

"Tsohuwa ta aiki ɗanta ya gano mata duniya, ya aiko mata da ruwan marina. In karanta mata wanga? Asirinka a ruhe yake, sha gahawarka. Amma da ka daure ka tashi daga katihwa Juma'a ɗaya tak, da ka ga mashigar da na yi shekara tara ina tuƙa jirgi a hanyata ta zuwa Makka da ƙahwa, ya zol."