Kiran da Falalu Ya Yi a Cikin Kogo

Saudatu na jera littattafai a kwali, don ƙaramar hukuma ta rufe laburaren da take aiki a Handsworth, a Ingila, sai ga saurayinta Falalu daga Manchester yana ta fara'a. Shekaranjiya ya dawo daga hutu. Kwana biyu ya yi a jirgin ruwa, ana yawo da su tsakanin tsibirai.

"Kalli wannan video ɗin," ya ce, ya miƙa mata wayarsa.

Ga shi a kwalekwale cikin wani kogon dutse, ruwan baƙi ƙirin, ko motsi ba ya yi. Ya ɗaga murya: "Saudatu! Za ki aure ni?" Kogon ya maido da kiran har sau uku. Sai daga can ƙurya wata siririyar muryar mace ta ce, "Na'am."

Fara'arsa ta ɗauke. "Wallahi da na kalla jiya babu wannan."

"Kai da wa kuka shiga?"

"Ni da mai tuƙi kawai. Dattijo ne."

Saudatu jikar masunta ce daga Yawuri. Tun tana ƙarama kakarta ta hana su kiran sunan mutum a kan ruwa, don ba a san wa zai riga shi amsawa ba.

Ta daɗe tana kallonsa, idonta ya ciko.

"Shekara biyu ina jiran tambayar nan, Falalu. Ko a bus stop ka yi ta, da na amsa." Ta ɗora wayar a kan kwali, ta tura masa ita da ɗan yatsa. "Amma an riga ni. Koma ka sallami wadda ta amsa maka, sannan ka zo."