Musanyar Ofis

"Yarinyar da na koya wa auna iskar ɗaki, ita aka ba sabon ofis?" Dakta ta faɗa tana buga teburin shugaban sashe.

Ta tsufa tana binciken gubar da ma'aikata ke shaƙa, amma ɗalibarta ta jiya ce ke sabon ofis, kan kafet, tana shan sanyin esi. Abin ya tsaya mata a rai. Ta hana shugaban sakat, sai da ya sa suka yi musanyar ofis.

Ranar ƙaura ɗalibar ta rungume ta, har da hawaye.

"Anti, Allah ya saka da alheri! Tunda na auna iskar ɗakin nan na ga gubar da ke ciki nake roƙon a fitar da ni. Kowa ya ƙi shiga, sai ke."