Ɗigon Baba Kore Ne

"Eivind, yaushe rabonka da jin muryar Baba?" in ji ƙanwarsa Solveig a waya.

"Kin fara ko? Lafiyarsa ƙalau. Ga ɗigonsa nan kore shar, shi nake kallo yanzu haka."

Haka suka saba tun rasuwar mahaifiyarsu. Tsohon ba ya son yawan kira. In ɗigon gefen sunansa ya yi kore a manhajar hira, to ya tashi, ya dafa kofi, ya zauna gaban kwamfuta. Gaisuwar ke nan.

"Maƙwabciyarsa ta ce dusar ƙanƙara ta rufe masa ƙofa. Baba fa, da yake share har ta maƙwabta!"

"Ƙila ƙugun ne ya motsa. Ke dai kin cika..."

Ya tuna Kirsimeti, Baba yana ta mita wai da ya juya baya sai kwamfutar ta yi barci, ta nemi kalmar sirri. Eivind ya yi dariya, ya sauko da wata 'yar manhajar gyare-gyare daga intanet, ya cire kullen, ya hana ta barci kwata-kwata. Baba ya dafa kafaɗarsa, ya ce lallai ya haifi ɗa.

"Solveig, tun Kirsimeti, kin taɓa ganin ɗigon nan ya ɗauke?"

"Ko sau ɗaya. Fushi ma nake yi da shi. Mako guda ina turo saƙo, yana zaune ya ƙi ba ni amsa."