Sauran Goyo

Ran da ta hau tsanin gidanta, wanda aka kafa a kan dogayen turaku, da ƙafafunta, ɗanta har tafi ya yi. Mak yake ce mata, wato uwa.

"Mak, kin warke! Gobe sai in koma birni."

Ita da maƙwabciyarta damina ɗaya santsin gonar shinkafa ya karya musu idon sawu. Likitar gashin ƙashi ta ba su aiki iri ɗaya: a dafa bango a yi ɗage, a sauko a hankali, a jawo tawul da yatsun ƙafa. Safe da yamma ta yi ta yi har sharaɓarta ta yi tauri, don kada waccan ragguwar ta riga ta tashi.

Daga sama ta leƙa. Ga ragguwar can, autanta ya goyo ta yana hawa tsani da ita, har tana ɗago hannu.

"Yaya, sannu da ƙoƙari! Ni kam tawa har yau ba ta takuwa."

Ta juya ta dubi nata ɗan yana ninke kayan tafiya. Yaron da ta yi ta dashen shinkafa da shi a baya. Ko rabin goyon nan bai rama ba.

Ta lalubi bango, ta ɗage ƙafar.

"Wash! Kai, zo ka sauke ni."