Sunan da Ke Kan Ganga

"Matsa can, kar ka taɓa min ganga," in ji Fintan, ya ture wansa Malachy a gaban dangi.

Ganga biyu na wiski mahaifinsu ya bar musu a sito, kowace da sunan mai ita. Tun rasuwar tsohon ba sa ga-maciji. Shekara da shekaru Fintan na laɓaɓowa da tiyo, ya zuƙe ta Malachy ya tuttular a kwata, ya cike gurbin da ruwa. Yau za a buɗe, ya ƙosa ya ga idon wan nasa.

"Buɗe taka mana, Yaya. An ce ɗan abin da ke ƙafewa a ganga rabon mala'iku ne, ko kana tsoron sun wuce rabonsu?"

Malachy ya matsa gaban gangar da ke ɗauke da sunansa. Ya ciro wuƙa ya kankare fentin gangar. Sunan Fintan ya bayyana a ƙarƙashi, da rubutun mahaifinsu.

"Taka ta fi kyau, shi ya sa na sauya sunayen ranar jana'iza. Limamin cocinmu, Fada Colm, ya ce sai na mayar." Ya mirgino ta gabansa. "Ga hakkinka, ƙanena. Ɗanɗana, muna kallo."