Madubin Hangen Nesa na Mama

Ina saman jirgin ruwa ina ɗaukar hoton duwatsu kamar baƙo, sai ga ƙauyenmu ya ɓullo daga bayan wani tsauni. Karona na farko ke nan a jirgin yawon shaƙatawa, kuma wayona bai kai in tambayi ta inda za mu bi ba.

Ga shi na riga na gaya wa Mama aiki ya riƙe ni a Oslo, ba zan zo hutun bana ba.

Fasinjoji suka yi dafifi suna yaba wani jan gida da aka shanya kifi a gefensa. A gidan aka haife ni. Mama kuwa, duk jirgin da ya wuce sai ta ƙare masa kallo da madubin hangen nesa ta tagar kicin.

Ni da furfurata, na durƙusa bayan wani ƙaton Bajamushe.

Wayata ta yi ƙara.

"Mama, ina cikin taro ne," na ce ƙasa-ƙasa.

"Na ga taron," ta ce. "Ƙaton naka ya matsa tun ɗazu. Tashi ka ɗaga min hannu kafin dutse ya tare ka."