Jaridun Ƙarƙashin Gado

Ranar Alhamis ce, ranar ziyara. Gandiroba ya leƙo ya ce, "Fazal Sahib, tashi, gwamnatinka ta gida ta iso da ƙunshinta kamar kullum."

Fazal Dad ya miƙe yana tari. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana akawu a ofishin ajiyar takardun soja, ko fensir bai taɓa ɗauka zuwa gida ba. Sau ɗaya tak ya karya doka, ga shi shekara ta huɗu ke nan yana ɗanɗana kuɗarsa.

Wani fayil ne mai jan hatimi, kan sojoji goma sha tara da ƙanƙara ta binne a wani sansani can kan duwatsun arewa. An gaya wa iyayensu wai abokan gaba ne suka kashe su. Fayil ɗin kuwa cewa ya yi umarnin a janye su kwana tara ya yi a kan teburin wani babba, ba a sa masa hannu ba. Na sha ɗaya a jerin sunayen Tauqir ne, ɗan Fazal ɗaya tilo.

Ba don ya tona asirin kowa ya ɗauko shi ba. So yake ya karanta a ɗakinsa, inda zai yi kuka ba idon mutane. Da ya gama, ya naɗe shi cikin jaridar ranar, wadda gindin kofin shayinsa ya bar wa zobe a kan hoton wani ɗan wasan kurket, ya cusa cikin tarin tsoffin jaridu a ƙarƙashin gado. Bai damu da ko matarsa Kaniz za ta gani ba, don ko sunanta ba ta iya karantawa. Ita dai kullum da safe sai ta goge akwatin ƙarfen da aka dawo musu da shi, tana bin lambar sojan Tauqir da yatsa, inda aka rubuta ta da farin fenti.

Washegari ya dawo daga aiki ya tarar da ƙarƙashin gado wayam.

"Na sayar wa mai sayen tsoffin takardu," in ji ta, ko ɗagowa ba ta yi daga keken ɗinki ba.

Kowa a garinsu Chakwal ya san makomar irin takardun nan, liƙa su ake yi a riƙa ƙunsa gyaɗa. Kwana uku Fazal yana zaga kasuwa, yana sayen gyaɗar da ba zai ci ba, yana warware ƙunshi yana dubawa. A rana ta shida labarin ya fito a shafin farko na wata jarida.

Aka yi ta kumfar baki, aka sallami babban nan da cikakken fansho, abin haushi. Amma shafin ƙarshe na fayil ɗin yana ɗauke da sunayen makiyaya biyu masu kawo wa sojoji labarin tsallaken iyaka, jaridar kuwa ta buga har da su. Kafin mako ya zagayo aka tsinci gawarwakinsu a bakin rafi. Ɗayansu 'ya'ya biyar ya bari.

Da masu bincike suka zo, Fazal bai bari sun zauna ba ya ce shi ne, da gangan, shi kaɗai. A kotu Kaniz ta miƙe za ta yi magana, ya daka mata tsawar da bai taɓa yi mata ba tun aurensu. Gara masa ɗaurin shekara goma sha huɗu da baiwar Allahn nan ta san cinikin 'yan rupin da ta yi ya ci rai biyu. Mutuwar ɗa ta ishe ta. Tun lokacin azumin Litinin da Alhamis ba ya wuce ta, kuma duk sanyi sai ta ɗinka barguna biyu ta aika arewa, wai sadaka.

Makon jiya wani manjo ya zo masa da tayi. Likita ya ce huhunsa ba zai kai wani sanyin ba. Masu binciken kuma ba su taɓa yarda shi kaɗai ba ne, don ranar da gidan jaridar ya ce an kawo fayil ɗin, Fazal yana kan teburinsa tun safe har yamma. In ya faɗi hanyar da takardun suka bi, ranar nan a gida zai kwana. Fazal ya yi masa godiya ya koma ɗaki.

Yau ga Kaniz a bayan ragar ƙarfe, ta rame, leɓɓanta a bushe.

"Baban Tauqir, tarin nan ƙaruwa yake yi."

"Ke ma ai ba amarya kika koma ba," ya ce, yana ƙoƙarin dariya.

"An ce manjo ya zo. Ka faɗa musu mana ka dawo gida."

"In faɗi me? Bar zancen nan don Allah. Me kika kawo min?"

Ta turo ƙunshin ta 'yar taga. Kullum a cikin ƙyalle take naɗo gurasar, yau kuwa a cikin jarida ce, tsohuwa, har ta yi ja. Ya soma warwarewa, sai hannunsa ya tsaya. Ga ɗan wasan kurket, ga zoben kofin shayi a kan fuskarsa.

"Wannan ai... Maman Tauqir, ba kin sayar da su ba?"

"Ƙarya na yi maka. Suna nan cikin akwatinsa, ko ɗaya ban sayar ba." Hawaye na zuba, ba ta share ba. "Shekara huɗu kana ɗauke da kayana, ka hana ni magana. Daga nan wurin manjo za ni."

"Ki ce masa me?"

"Abu ɗaya na iya karantawa a duniya, lambar ɗana, na kuwa gan ta a ciki. Ni na kai takardun nan gidan jarida da ƙafata."